Rabin fili ko fili duka: yadda na zaɓi gida a Yamai

Gidaje biyu suka rage a hannuna bayan na gaji da yawo a bayan moton dillali, duka a arewacin Yamai, can gaba da Bobiyel, layi uku ne tsakaninsu. Kowanne ɗaki uku da salo. Na farko rabin tagwayen gida ne, abin da mutanen Yamai ke kira vila jumele. An gyara shi ya koma kamar sabo fil, an shimfiɗa karo, wato tayil, har cikin bayi, fenti na ƙamshi, fili mita murabba'i 200, kuɗinsa miliyan 22. Na biyu gida ne shi kaɗai a filinsa mai mita 400, ya kwana biyu, daɓen siminti ne a ƙasa, fentin ya koɗe, mai shi ya ce miliyan 31. Miliyan 9 na sefa ke nan a tsakani. Ni kuwa kuɗina ba na kasuwa ba ne da za a ce gobe wani zai shigo. Kasona ne na gonar gado da muka sayar a Tawa, da abin da na tara a adashin wurin aiki, sai bashin banki da za a riƙa yanka daga albashi.

Tun farko na cire hayin kogi daga lissafi, duk da can an fi samun sauƙi. Na ga abin da ruwa ya yi a Lamorde da Karaje da Kirkisoye a damanar 2020, lokacin da kogin Kwara ya cika ya ɓalle, mutane suka koma kwana a makarantu. Filato da Kwara Kano kuwa ba na irinmu ba ne. Saboda haka arewa na fuskanta, inda gari ke ta miƙewa, ko da yake kwalta ba ta bi shi ba.

Ga wanda bai zauna nan ba, yadda ake yin tagwayen shi ne mutum ya samu parsel, wato yankakken fili, mai mita 400 ko 300, ya ja layi a tsakiya, ya gina gida biyu masu kama ɗaya, bango guda ya haɗa su, kowanne da ƙofarsa ta waje da ɗan tsakar gidansa. Galibi don haya ake yi, tun da haya biyu ta fi ɗaya. In mai shi ya matsu, ko magada suka tashi rabo, sai a fito da ɗaya kasuwa. Amma kada a ɗauka duk gidan da aka ce maka shi kaɗai ne a filinsa da gaske shi kaɗai ɗin ne. A Yamai kowa yana son cinye filinsa har iyaka. Na shiga gidaje da dama da aka kira masu zaman kansu, na tarar bayan ɗakin kwana shi ne katangar maƙwabci, ba taga, ba hanyar iska. Irin wannan ka biya kuɗin gida guda, ka zauna zaman tagwaye. Don haka abin da na fara yi a gida na biyu shi ne na zagaya ginin da ƙafa. Akwai lungu a kowane gefe wanda mutum zai bi ɗauke da bokiti, ga kuma fili a gaba, babu komai cikinsa sai bishiyar dogon yaro guda da tarin yashi.

Ranar da na kai uwargida ta gani, ba ta ɓoye ba, tagwayen ta so. Shekaru muna haya a Lazare, gidan tsakar gida ɗaya da iyali huɗu, bayi a waje. Ta shafa karon madafa, ta buɗe pampo, ta dube ni. Dillali ya ga alama, sai ya matsa: "Malam, wannan da tabarmarka kawai za ka shigo. Wancan kuwa sai ka ƙara miliyan 9, sannan ka fara neman magini." Gaskiya ya faɗa, ba ta duka ba ce dai.

Takarda ce ta fara raba gardama, tun kafin a zo maganar bango. Filayen Yamai iri-iri ne a wajen takarda. Akwai wanda shaidar mallakar gargajiya kawai gare shi, wadda ake samu ta hannun mai gari ko hakimi, yawanci gonakin bakin gari da ba a riga an yanka ba. Akwai wanda aka yanka, ma'aikatar magajin gari ta ba da takardar da ake kira akt da sesiyon, mai ɗauke da sunan lotisma (yankin da aka yanka) da lambar ilo (rukunin filaye) da harafin parsel. Sannan akwai titir fonsiye, wanda ke fitowa daga ofishin rajistar filaye na hukumar haraji, shi ne mai ƙarfin da ya fi duka. Tun 2006 aka shigo da sassauƙan nau'insa mai suna Sheda don talaka ya iya samu, amma har yau akt ɗin ne a hannun mafi yawan mutanen da na sani. Bankin da na je kuwa titir yake so kafin ya karɓi gida jingina.

Da na nemi ganin takardar tagwayen, Alhajin da ya gina su ya fito da akt guda ɗaya, na fili mai mita 400, da sunansa. Gida biyu, takarda ɗaya. Na ce to ni me zan riƙe? Ya ce: "Malam, ni da kai ai amana ce. Zan yi maka takardar sayarwa da shaidu, a buga hatimi, in haɗa maka da fotokwafin akt. Haka kowa ke yi." Ban yi masa musu ba, don na san haka ɗin ake yi. Na dai ɗauki fotokwafin na kai wa wata noter, wato ma'aikaciyar doka mai tabbatar da takardun ciniki, da abokin aikina ya nuna mini.

Ta karanta, ta ajiye, ta yi mini tambayoyin da ban taɓa kawowa a rai ba. In Alhaji ya kai asalin akt ɗin banki ya ci bashi a kansa, gidan wa aka jingina? In ya sayar da ɗaya rabin ga wani ya miƙa masa asalin takardar, wa hukuma za ta sani? In Allah ya yi masa rasuwa, ƴaƴansa suka ga akt da sunan mahaifinsu a kan fili duka, da wa zan yi magana, da mutum ɗaya ko da goma sha? Ta ce ba ta hana ni sayen rabin tagwaye ba, ana saya lafiya, amma sai an raba filin a hukumance tukuna: jewometir ya zo ya auna, ya kafa duwatsun iyaka, kowane rabi ya samu takardarsa ta kansa, tawa ta fito da sunana. Wannan aiki yana cin kuɗi, yana cin watanni, kuma mai sayarwa ne ya kamata ya fara shi tun da sunansa ne a takarda. Da na koma wa Alhaji da maganar, bai ƙi ba, sai dai ya ce ni zan biya, kuma in ba shi kuɗin gida tukuna a yi rabon daga baya. A nan na fara ja da baya. In kuɗi suka riga suka shiga aljihun mutum, gudun da zai yi maka a ofis ba irin na da ba ne.

Shi gida na biyu akt ɗinsa ɗaya, fili ɗaya, suna ɗaya. Duk da haka ban yarda da ido ba, domin sayar da fili guda ga mutum biyu ba baƙon labari ba ne a garin nan. Noter ta sa aka duba rajistar magajin gari, lambar ilo da harafin parsel suka dace da sunan mai shi. Na kuma biya jewometir ya zo ya tabbatar cewa gidan a kan parsel ɗin da takarda ta ambata yake zaune, ba na kusa da shi ba. Wannan ma yana faruwa, mutum ya gina a filin maƙwabci shekara da shekaru bai sani ba.

Sai na ɗauko magini, wani dattijo mutumin Keita da ya yi wa yayana gini. Na biya shi kuɗin yini don ya duba gidajen biyu, kuma cikin duk abin da na kashe a wannan nema babu kuɗin da ya fi wannan amfani. A tagwayen bai kalli karo ba sam. Bangon tsakiya ya nufa. Ya auna kaurinsa ta bakin katanga, ya ƙwanƙwasa, ya ce bulo ɗaya ne mai rami, na santimita 15, ba bango biyu aka jera ba. Ya tura yaronsa ɗaya gidan ya yi magana a salo, mu muna ɗakin kwana muna jin kalma-kalma. Sannan ya sa tsani ya ɗaga murfin silin ya leƙa da tocila, ya kira ni in hau in gani da idona. Bangon bai kai kwano ba. A daidai silin ya tsaya, daga nan zuwa rufi fili ne fetal daga wannan gida zuwa wancan, ƙarafan rufin ma guda ne suka ratsa duka biyun. Ya ce: "Ɗana, ɓera zai bi nan, hayaƙi zai bi, wuta in ta tashi za ta bi, mutum ma in ya so zai bi."

Daga nan ya tambayi inda fos take, wato ramin da ƙazantar bayi ke taruwa. Ashe guda ɗaya ce, an haƙa ta a tsakar gidan maƙwabci, bututun gida biyu na zuba ciki. Wato ranar da ta cika, motar yashewa ta ƙofarsa za ta shiga, a lokacin da ya ga dama, kuma sai an zauna an yi lissafin gidan da ya fi yawan mutane. Kontar wuta ta NIGELEC kowa da tasa, wannan an kyauta. Ta ruwa kuwa ɗaya ce, har yanzu da sunan Alhaji tun zamanin kamfanin ruwa na SEEN, kafin kamfanin NDE ya karɓi aikin a farkon 2024. Wanda ya yi zaman haya a gidan tarayya ya san abin da takardar ruwa guda ke haifarwa a ƙarshen wata. Ni daga shi nake gudu.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar bene. Na tambaye shi ko wata rana zan iya zuba dal, wato rufin kankare, in hau sama, tun da ƙasa ba wuri. Ya tona gefen tushe kaɗan, ya girgiza kai. Ko da tushen zai ɗauka, in ji shi, bangon da zan ɗora wa nauyi ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma kwanon da zan yaye rabinsa na wani ne. Noter ma ta riga ta gaya mini cewa a doka bangon tarayya na mutum biyu ne, gyaransa a kan su biyu, kuma ba ka yi masa aikin da zai cutar da ɗaya ba da yardarsa ba. Ma'ana gidan yadda na same shi haka zai zauna, sai in maƙwabci ya tashi yin gini rana ɗaya da ni, da kuɗi a hannu rana ɗaya da ni.

Kada in zalunci tagwayen, magini ya faɗi alherinsu. Bangon da ke manne da wani gida rana ba ta dukansa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, bangon yamma yakan sha rana tun azahar, ya riƙe zafin ya yi ta sako shi cikin ɗaki har tsakar dare. Rabin da aka tallata mini na gabas ne, maƙwabci ne zai sha ranar yamma a madadina, kuma ɗakin da ke jikin bangon tsakiya da gaske ya fi sanyi. Sai dai gabas ɗin ita ce mashigar hadari a ƙasar nan, ruwa da iska daga can suke bugowa, ni zan tare masa wannan. Kuma taga a gefe ɗaya kawai take, iska ba ta shiga ta nan ta fita ta can. Muddin akwai wuta, fanka na juyawa, ba za ka damu ba. Amma duk wanda ya yi watannin da Najeriya ta yanke mana wuta daga Agustan 2023 ya san ranar da fanka ke zama ado. A lokacin kowa tsakar gida ya fito da katifa da gidan sauro. Na tsaya a tsakar gidan tagwayen na ƙiyasta: in aka ajiye moto da randa da igiyar shanya, tabarma biyu za ta ɗauka, mu kuwa mu bakwai ne.

Na jira damana ta sauka kafin in yanke magana, dillali yana ta kira yana cewa wani ya taya. Bayan wani ruwa mai ƙarfi na hau moto na je. Layin tagwayen ya zama tafki, ba laifin ginin ba ne, gangaren unguwa ne haka. Amma na lura indararon gidajen biyu wuri ɗaya suke zuba, gindin katangar da ta raba tsakar gida, kuma ƙasan katangar ya riga ya fara yin kore. Layin ɗaya gidan ya fi tudu kaɗan, ruwan ya wuce ya bar yashi.

A wannan zuwan ne na yi sallama da mai haya a ɗaya rabin, wani malamin makaranta Bazabarme, mutumin kirki, ya shigar da ni ya ba ni ruwa. Na tambaye shi zaman. Ya yi dariya ya ce da Hausarsa mai daɗi: "Zo mu zauna, zo mu saɓa." Wanda ya zauna a rabin kafin a gyara shi don sayarwa tela ne mai aikin dare, in salla ta matso keke ba ya tsayawa sai asuba. Amma ya ce ranar da matarsa ta tashi haihuwa yana Doso wurin aiki, matar telan ce ta ji ta ta bango, ta fito ta nemo mota. Uwargida da na ba ta labari ta ce ka ji ko, ni ma abin da nake faɗa ke nan, kai kullum kana hanyar aiki, gidan da ba mai jin motsinka in dare ya yi ba abin so ba ne. Wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Abin da na ce mata kawai shi ne malamin nan ɗan haya ne, gobe yana iya tashi, kuma ba mu za mu zaɓi wanda zai maye shi ba.

Ita da kanta ta sauya ra'ayi, ba ni na sauya mata ba. Wata ranar Juma'a muka koma gida na biyu da ƙanwarta, suka bar ni a waje suka shiga lissafinsu na mata. Ina za a ɗaure ragon layya? Ina za a kafa tukwane ranar suna, a hura icce ba a cika wa maƙwabci ɗaki da hayaƙi ba? Ina baƙi za su kwana? Wannan ta ƙarshe ita ce babba. Duk Ba'adaren da ke da gida a Yamai ya san gidansa tasha ce. Mai zuwa asibiti daga ƙauye wurinka zai sauka da mai jinyarsa. Ɗan yayanka da ya samu Jami'ar Abdu Mumuni bai samu ɗaki ba wurinka zai zauna. Mai neman fasfo, mai jiran jirgin Makka, mai dawowa daga Abijan da kaya, duka. Ba ka cewa ba wuri. A gidan haya surukaina a salo suke kwana, ni in fita da asuba ina tsallake ƙafafu. Ta fito ta nuna mini kusurwar da ke kusa da ƙofa ta ce: "Malam, nan ɗakin baƙi da bayinsa, ƙofarsa ta waje. Karo kuma a yi shi ɗaki-ɗaki, ba gudu ake ba."

Saura lissafin kuɗi, wanda shi ne ya hana ni barci. Miliyan 9 in an raba shi a shekara 10, jika 75 ne kowane wata, wato sefa dubu 75, tun ba a sa ruwan banki da inshora ba. Bankin kuma ba ya yarda abin da yake cirewa ya wuce kusan sulusin albashi, don haka ba yadda na so zan ci ba. Sai na juya tambayar. Na bi dillalai daban-daban, ba wanda ya kawo ni ba, ina tambayar kuɗin fili fanko mai mita 200 a wannan unguwa. Abin da suka yi ta faɗa mini tsakanin miliyan 6 ne da 7. Ashe mafi yawan ratar da ke tsakanin gidajen biyu kuɗin ƙasa ne. Abin da ya rage, miliyan 2 zuwa 3, shi ne nake biya don bango nawa, fos tawa, takarda tawa, a debe kuma kuɗin karo da fenti da tagwayen suka fi shi. Da na gan shi haka sai abin ya daina yi mini kama da tsada. Gini tsufa yake, fenti na shekara uku ne, karo yana fashewa. Ƙasa kuwa a garin da kullum ake shigowa ba a fita, ban taɓa jin ta koma baya ba a unguwar da ruwa ba ya ci. Ma'aikatan da gwamnati ta biya bashin albashinsu da filaye a farkon shekarun 2000, da yawansu suka sayar nan take da araha, kowa ya san yadda suke ba da labarin yau.

Na kira kawuna a Tawa, wanda shi ya raba mana gadon. Bai tambayi karo ko silin ba. Ya ce: "Ɗana, ƙasa ka sayar, ƙasa za ka saya. Kuma ka tuna kai ma za a raba naka." Ya ce fili mai mita 400 da ƙofa a kan layi ana iya tsaga shi biyu in ta kama, ko a fitar wa wani ɗaki da ƙofarsa. Rabin tagwaye kuwa ba ya tsaguwa, sai dai a sayar a raba kuɗi, marayu su koma haya. Ya ƙara da cewa muddin ba a raba fili ba, ni da Alhaji abokan tarayya ne, kuma a fiƙihun Malikiyya abokin tarayya yana da haƙƙin shuf'a, damar riga kowa saye, in ɗaya ya tashi sayar da kasonsa, wato ko fita ba zan yi yadda na so ba. Abin da bai so ba shi ne bashin ruwa. Ya ce in rage shi iyakar iyawata. Don haka na sayar da motar da nake lallaɓawa na koma kan moto, uwargida ta kawo kuɗin shanunta biyu da ke kiwo a ƙauye, da sharaɗin a rubuta a takarda cewa tana da kaso. An rubuta.

Ciniki ya ɗauki lokaci. Mai gidan ɗan kasuwa ne da ya koma Maraɗi, ta waya muke yi, ƙaninsa na tsaye a nan. Na kawo abin da magini ya lissafa: kwanon baranda na yoyo, wayoyin wuta sai an sake, katangar baya ta tsage. Ya sauko zuwa miliyan 28 da rabi, ya ce albarka. Ban ba kowa kuɗi a hannu ba. A ofishin noter aka yi komai, shi ya zo da kansa da katin shaidarsa da asalin akt, matarsa ta san da maganar, ƙaninsa ya yi shaida, banki ya tura kuɗin. Noter ta riƙe takardun ta bi canjin suna da neman titir, tun da banki ba zai saki nasa kason ba sai da tabbacin jingina. A nan wanda zai saya ya tanadi wani abu a gefe: ladan noter, kuɗin rajista, na jewometir, na canjin suna, da la'adar dillali, duka a kan mai saye suka faɗo a nawa cinikin, kuma da aka tara su sun isa sayen moto sabuwa har da canji. Dillali bai ji daɗin zaɓina ba da farko, don Alhaji ya yi masa alkawarin wani abu a sama, amma da ya ga la'adar gida mai tsada ta fi, sai ya ce dama shi wannan ya so mini.

Gida mai zaman kansa yana da nasa cin kuɗin, wanda ba ya cikin farashi. Katanga ta kewaye ni ta ko'ina, duk inda ta tsage ni ne. Bango huɗu ke shan rana, huɗu ke son fenti. Lungunan nan da na yi murna da su, da hunturu ƙura suke tarawa, da damana ciyawa da sauro, kuma ta lungun baya aka taɓa haurowa aka ɗauke mana tukunyar gas muna barci. Sai da na ƙara tsawon katanga na shiga kuɗin mai gadin layi da maƙwabta. Salo har yanzu daɓen siminti ne da leda a kai.

Abokin aikina da ya nuna mini noter rabin tagwaye ya saya a wajen unguwar Yamai 2000, kuma ban ga abin da zan ce ya yi asara ba. Nasa tun wurin gini bango biyu aka jera da ɗan rata a tsakani, kowa da rufinsa da fos ɗinsa da kontocinsa, titir ya fito da sunansa kafin ya biya. Ƴaƴansa biyu, danginsa duk a Yamai suke ba mai sauka wurinsa, kuma miliyoyin da ya rage ya sayi fili a hanyar Filinge ya ajiye. Irin wannan tagwayen da shi aka tallata mini, da sai na yi dogon tunani, wataƙila ma in ɗauka. Haka nan da gida na biyu irin wanda aka cinye filinsa da gini ne har iyaka, ko a kwari yake, da ban ƙara ko miliyan ɗaya a kansa ba.

Ɗakin baƙin muka fara. Da gwamnati ta karya kuɗin siminti a Oktoban 2024, tan ɗin mai lamba 32.5 ya dawo jika 55 a Yamai, sai na riƙa sayen buhu biyar, buhu goma a ƙarshen wata, ana buga bulo a tsakar gida. Ƙarfe da kwano daga kasuwar Katako na ɗauko su. Magini ya ba da shawara a yi tushen da ginshiƙan da za su ɗauki bene ko da ba yanzu ba, a kuma fitar da shago ɗaya a jikin katangar gaba. Na kai zanen ma'aikatar magajin gari don izinin gini kafin a fasa katangar. Wani mai sayar da hatsi ya riga ya zo sau da yawa yana tambayar shagon, ya taya jika 25 a wata, na ce ya bari a sa ƙofa tukuna.